Nahawu ga ƙananan yara masu karatu a gida: da baki za a fara ko da fensir?

Uwar Biyu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyayen da suka san harkar koyar da yara a gida. Yarana biyu ne, mace mai shekara 5 da rabi da namiji mai shekara 7, kuma duk a gida suke karatu. Hausa muke yi da su, ana kuma koya musu Turanci da Larabci. Babban yana karatu daidai gwargwado, amma da an ce ya rubuta jimla biyar sai hannu ya gaji, rubutu ya karkace, darasi ya koma rigima. In kuwa da baki aka tambaye shi, nan take yake amsawa. Ƙaramar ko riƙon fensir ba ta gama iyawa ba.

Shin nahawu da baki ya kamata a koya musu yanzu, ko kuwa abin da ba a rubuta ba ba ya zama? In da baki ne, me ake yi takamaimai, minti nawa, kuma yaushe ake komawa rubutu?

Tsohon Malamin Firamare

Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika faɗa game da yaron nan ba ƙyuya ba ce, ba kuma rashin ganewa ba ne. Kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda. Ɗan shekara 7 in zai rubuta kalma ɗaya sai ya tuna siffar kowane baƙi, ya tuna daga ina ake fara jan sa, ya danne takarda, ya tsaya kan layi, ya bar fili kafin kalma ta gaba. Kafin ya gama wannan, jimlar da ke kansa ta gudu. Saboda haka in kin ba shi aikin nahawu a rubuce ya kasa, ba za ki san wanne ya kayar da shi ba, nahawun ko fensirin.

Abu na biyu, yaron da ya tashi da Hausa ya riga ya iya nahawunta, sunayen dokokin ne kawai bai sani ba. Ce wa ƙaramar “Audu ta zo” ki ga ko ba za ta yi dariya ba. A 1958 wata mai nazarin harshe a Amurka, Jean Berko, ta nuna wa yara ’yan shekara 4 zuwa 7 hoton wata halitta da ta laƙa wa sunan da babu shi a Turanci, sannan ta nuna guda biyu ta ce su faɗi sunansu. Yawancinsu suka kawo jam’in daidai, alhali ba su taɓa jin kalmar ba. Kina iya gwadawa da Hausa: zana wani abu ki ce sunansa “lunta”, ki zana uku ki tambaya. Galibi “luntoci” za ki ji, kamar mota da motoci, har da mayar da t ta koma c, ba wanda ya koya musu. Aikinki a wannan shekaru shi ne ki sa su lura da abin da bakinsu ke yi.

Ga abin da ake yi, kuma babu buƙatar littafi.

A fara da ne da ce. Ki tara kaya a kwando: cokali, riga, hula, takalmi, tsintsiya, kofi, wuƙa, buta. Ki ɗaga ɗaya, yaro ya ce “cokali ne” ko “riga ce”, ya ajiye masu ne a dama, masu ce a hagu. Kada ki faɗi doka. Bayan kwana uku ko huɗu ki tambayi babban me ya lura da shi a ƙarshen sunayen na hagu. Da ya gano cewa da a suke ƙarewa, sai ki kawo masa waɗanda suka saɓa: gida, ruwa, nama, suna, wata, duk da a suka ƙare amma ne suke ɗauka. Sai kuma ta ɗaya ɓangaren: mace ce, Kano ce, Damagaram ce, Litinin ce. Sunayen garuruwa da na ranakun mako tamata ne ko da me suka ƙare.

Sai tilo da jam’i. Ki jefa masa lemo ki ce “mota”, ya dawo miki da shi ya ce “motoci”. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a cakuɗa kowane irin jam’i a rana ɗaya. Jam’in Hausa dangi-dangi ne, a ɗauki dangi ɗaya a mako. Makon farko taga da tagogi, hanya da hanyoyi, ƙofa da ƙofofi. Na biyu riga da riguna, hula da huluna, ɗaki da ɗakuna. Na uku gida da gidaje, wuri da wurare, jirgi da jirage. Na huɗu malami da malamai, ɗalibi da ɗalibai. Masu bin tasu hanya a bar su ƙarshe, su sai hadda: akuya da awaki, tunkiya da tumaki, doki da dawaki, sa da shanu, mace da mata, mutum da mutane. A nan ma zai gano da kansa cewa riga ce amma riguna ne, wato jam’i duk ne yake ɗauka.

Lokaci kuwa a koya shi da ƙafa. A ajiye duwatsu uku a tsakar gida, ɗaya jiya, ɗaya yanzu, ɗaya gobe. In yaro ya taka na farko ya ce “na ci tuwo”, na biyu “ina cin tuwo”, na uku “zan ci tuwo”. In wannan ya zauna sai a kore su: ban ci ba, ba na ci, ba zan ci ba. Ki ja hankalin babban ya ji cewa na tsakiya kalmar “ba” ɗaya ce gare shi, sauran biyun “ba” biyu-biyu.

Akwai wanda na babban ne shi kaɗai. Ki tambaye shi me ya saya a kasuwa, ki bi da shi ta hanya uku: na sayi gyaɗa, na saye ta, ita na saya. Ƙarshen aikatau na sauyawa gwargwadon abin da ke biye da shi, suna ne, ko wakilin suna, ko ba komai. A yi da karɓa, ɗauka, tambaya, zaɓa. Daga baya a shiga saya, sayo, sayar, saye, sayu, ko fita, fito, fitar, ya faɗi bambancin ma’anar da kalmominsa. Wannan darasi ne da ake yi wa ɗaliban jami’a da sunan giredin aikatau, amma ɗan shekara 7 yana yin sa da baki yana dariya.

Wanda ya fi dukkansu amfani shi ne maimaita labari. Ki yi musu gajeriyar tatsuniya sau ɗaya tak, yaro ya sake ba da ita da bakinsa, ba katsewa, ba gyara sai ya kai ƙurunƙus. Masu koyar da yara a gida a Ingila da Amurka sun ɗauko wannan ne daga Charlotte Mason, wata malama ’yar Ingila da ta rasu a 1923. Tsarinta shi ne yaro ya fara maimaita labari da baki daga shekara 6, kada a nemi ya rubuta sai wajen shekara 9 ko 10, darussa kuma su zama gajeru. Mu dai tatsuniyar dare muna da ita tun kaka da kakanni, abin da za a ƙara kawai shi ne a ba yaro dama ya mayar.

Lokaci: ƙaramar minti 5 zuwa 7, babban 10 zuwa 15, kwana huɗu a mako. A tashi tun suna so a ci gaba. In yaro ya yi kuskure, misali ya ce “dokuna”, kada a tsayar da wasa, ki dai mayar masa daidai cikin magana: “I, dawaki uku ne, ina suka nufa?”

Malamar Hausa

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka da alheri. Amma ’yar’uwa, kada ki ɗauka an ce a ajiye fensir har shekara 9. Abin da muke kira nahawu a aji kashi biyu ne. Akwai na magana, wanda Malam ya zayyana, shi kunne ne ƙofarsa. Akwai ƙa’idojin rubutu, su kuwa ko shekara goma aka yi ana faɗa da baki ba za su shiga ba, don baki ba ya barin fili tsakanin kalmomi, ba ya sa aya, ba ya yin babban baƙi. Duba rubutun manya a waya ki gani: mutum Hausarsa garau, amma ya rubuta “itace matata”, ya mayar da matarsa makamashi. Ita ce da itace, ta fi da tafi, su ma da suma, ku ma da kuma, ya kama ta da ya kamata, ku sa da kusa, a kan da akan. Ido ne kaɗai ke raba waɗannan, kuma in hannu ya saba haɗe su tun yana ƙarami, cirewa aiki ne ja.

Ta ɗaya gefen kuma, akwai abin da takarda ba ta nunawa sam. Rubutunmu na yau da kullum ba ya sa karin sauti ko tsawon wasali. “Audu ya zo” na wanda ya riga ya iso, da “ce wa Audu ya zo” na kira, a rubuce ya ɗaya ce, a baki biyu ce. Haka kuka ta miya, kuka na hawaye, da kuka zo. Haka gari na zama da gari na tuwo. Shi ya sa duk jimlar da yaro zai rubuta sai ya faɗe ta da ƙarfi tukuna. Littafin motsa ƙwaƙwalwa da ake miƙa wa yaro ya cike gurbi shi kaɗai a shiru, a Hausa rabin darasin ya zube.

Gadar da ke tsakanin baki da takarda ita ce ƙirga kalmomi da wake. Ki faɗi jimla, yaro ya ajiye ƙwayar wake ɗaya ga kowace kalma. “Ita ce ta fi shi” wake biyar. “Itace ya faɗi” wake uku. In ya ajiye huɗu a ta farko, kin ga inda ya haɗe tun bai taɓa fensir ba. Ƙaramar ma za ta iya wannan da jimloli masu kalma uku.

Ga babban, kwafi kullum, jimla ɗaya mai kalma 5 zuwa 7, ba biyar ba. Ki ɗauko ta daga bakinsa, cikin labarin da ya maimaita. Ki rubuta a saman shafi da kyakkyawan hannu, ya karanta da ƙarfi, ki nuna masa abu ɗaya da zai kula da shi, ya kwafa a ƙasa daidai inda idonsa zai riƙa ganin taki. Kwafa daga allon bango ya fi wuya, domin ido na ɓata wuri tsakanin ɗagawa da sunkuyawa. Minti 5 ya isa. Ki zauna kusa da magogi a hannu, a goge kuskure nan take.

Bayan wata biyu ko uku sai a shigo da shifta sau biyu a mako, kuma ga yadda take. A zaɓi jimlar da ya riga ya kwafa a makon. Ku dube ta tare, ya nuna inda tarko yake. A rufe. Ki karanta ta gaba ɗaya sau ɗaya da muryar magana, ya maimaita da baki sau biyu, sannan ya rubuta. Kada ki riƙa tsinka masa ita gaɓa-gaɓa, yin haka na hana shi koyon riƙe jimla a ka, kuma yakan sa ya raba abin da ake haɗewa, ya rubuta “ya na” maimakon yana. In ya tsaya cak a kan kalma, rubuta masa ita a gefe, ya fi ya yi ƙiyasi idonsa ya haddace kuskure. In ya gama shi zai gwada da ta asali, ya gyara da jan fensir, ya sake rubuta kalmar daidai sau ɗaya. Horon “rubuta sau ashirin” gajiya kawai yake kawowa, zuwa layi na goma hannu ne ke tafiya ba hankali.

Ƙa’ida ɗaya a mako, kuma ina ba da shawarar wannan jeri: fili tsakanin kalmomi, babban baƙi da aya, baƙaƙe masu ƙugiya, raba ne da ce, haɗe yana da suna da yakan, raba za su da za ta amma a haɗe zai da zan, sannan mallaka. Waƙafi a bar shi ƙarshe. Mallakar nan ita ce mai ba da wuya. In abin nasa ne a manne: rigarsa, gidansu. In aiki ne ya faɗa kansa a raba: ta kira su, na kama shi. Yara sukan riƙe cewa in an ji n ko r a tsakani sai a manne, kuma yawanci haka ne. Sai dai “ya gan su” rabawa ake yi duk da n ɗin, a koya masa ita daban.

Masu ƙugiya a fara su da kunne: kafa da ƙafa, fada da faɗa, kasa da ƙasa, kaya da ƙaya, baki da baƙi, bari da ɓari. Ya rufe ido ya ɗaga hannu in ya ji mai ƙugiya, daga baya a rubuta. Juya b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7, mu kuma muna da ɓ da ɗ a kai, sun zama huɗu masu kama. Kada a koyar da su a mako ɗaya. A nuna masa b da sanda ake fara ta daga sama, d kuwa da zagaye ake fara ta. In littattafanku na Nijar ne za ki ga ƴ a inda na Najeriya ke sa ’y, ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai.

Wani abu kuma, karin harshen gida. A Zariya da Bauchi da zangunan Gana za a ji “rigan” a inda daidaitacciyar Hausa ke cewa rigar, a Sakkwato a ji na da ta a gurbin ne da ce. In haka ake magana a gidanku, wasan kwando ba zai tafi da sauƙi kamar yadda Malam ya faɗa ba, domin kunnen yaron wata doka ya ɗauka. Kada a ce masa maganar kakarsa kuskure ce. A ce masa a gida haka muke faɗa, a takarda kaza ake rubutawa, a kuma yawaita karanta masa littafi da ƙarfi har kunne ya ɗauki ta biyun.

Uwar Biyu

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Saura biyu. Su suna, aikatau, sifa, wakilin suna, a sa su haddace ma’anarsu yanzu? Sannan Larabci da Turanci fa, tunda su ba da su suka tashi ba?

Malamin Zaure

Hajiya, a kan Larabci tsarin magabata ya riga ya amsa miki. A makarantar allo yaro da baki yake fara Fatiha da ƙananan surori, malam na biya masa yana amsawa. Sai babbaƙu, sai farfaru, kuma malam ne ke rubuta masa allo har zuwa lokacin da hannunsa ya nuna. Nahawu kuwa ba a taɓa shi a wannan mataki. Sai an shiga littattafai a zaure ake ɗaukar Ajrumiyya ta Ibn Ajurrum, wanda ya rasu a Fas a 723 Hijira, daga baya a kai ga Alfiyyar Ibn Malik mai baiti kusan 1,000. Malam Abdullahi na Gwandu ma a waƙe ya tsara nahawu cikin Albahrul Muhiɗ. Ibn Malik da Malam Abdullahi sun waƙe shi ne don baki da kunne su ɗauka, amma ɗaliban da ake yi wa manya ne masu tarin Larabci a ka.

Ɗan shekara 7 zai iya haddace farkon Ajrumiyya cikin mako guda, ya rera miki ma’anar kalamu, wato magana, tiryan-tiryan. Ki miƙa masa aya ki ce ya nuna ismi da fi’ili, wato suna da aikatau, sai ya tsaya kallon ki. Haddar ba laifi ba ce in ana so, amma kada a ƙirga ta a matsayin ya iya nahawu.

Abin da ya dace da shekarunsu shi ne a yi amfani da surorin da suka riga suka haddace. A biya Nasi, a ce ya saurari ƙarshen kalmomi: rabbin-nasi, malikin-nasi, ilahin-nasi, minal jinnati, duk wasalin ƙasa. A ce ya farauto abin da ke biye da min da fi da bi a wasu surori, ya ji da wane wasali yake ƙarewa. In ya tara misali goma da kunnensa, ranar da aka ce masa sunan wannan jarru ba zai yi masa baƙo ba. Sarafu ma, wato sauye-sauyen sigar kalma, a rera shi: kataba, katabat, katabta, katabti, katabtu, ana nuna mai aikin da yatsa, fi’ili ɗaya a mako.

Bahaushe na da sa’a a nan, don ka da ki sun yi daidai da anta da anti, rana tamata ce kamar shamsu, wata namiji ne kamar ƙamaru. Inda ake tuntuɓe shi ne inda suka saɓa. Ƙofa ce a Hausa, amma a Larabci sigar namiji take ɗauka, haza babun. Littattafai ne a Hausa, amma hazihi kutubun, domin jam’in abin da ba mai hankali ba hukuncin mace tilo yake ɗauka. Ga kuma siga ta musamman ga abu biyu, wadda Hausa ba ta da ita. Waɗannan a yi ta faɗa ana nuna kayan har su bi baki. Rubutun Larabci a tsaya kan kwafin abin da ya iya karantawa, layi ɗaya, da wasullansa.

Mai Koyar da Turanci

A Turanci bambancin shi ne kunnen yaron babu ajiya. In kika ce masa “wanne ya fi daɗin ji” a Hausa zai amsa daidai, a Turanci caca zai yi. Don haka kafin komai a cika kunnen: minti 15 kullum ana karanta musu littafi mai hoto da ƙarfi, littafi ɗaya a maimaita shi kwana huɗu ko biyar har su riƙa rigan ki ƙarasa jimla. Wasan duwatsu uku yana aiki a Turanci, amma aikatau biyar kawai a mako, kuma a fara da masu saɓa doka irin su go da eat da see, don su ne aka fi amfani da su. Wuraren da ’ya’yan Hausawa suka fi faɗuwa sanannu ne: barin s ta ƙarshen aikatau bayan he da she, barin a da the, kiran mota ko riga she saboda tamata ce a Hausa, da musanya p da f. Na ƙarshen nan in ba a gyara shi a baki ba zai bi yaro har cikin rubutu. A tsaya gaban madubi: p leɓe biyu ke haɗuwa, f haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa.

Game da haddar ma’anoni, a 2007 Steve Graham da Dolores Perin sun tattara bincike masu yawa kan koyar da rubutu ga ɗaliban Amurka daga aji 4 zuwa 12. Sun samu cewa koyar da sassan jimla da dokoki su kaɗai bai gyara rubutun ɗalibai ba, amma horar da su haɗa gajerun jimloli su zama ɗaya ya gyara. Yaran sun girmi naki, amma haɗa jimlar ana yin sa da baki tun yanzu, kuma da Hausa ya fi kyau a fara. “Akuya ta shiga gona. Akuyar baƙa ce. Ta ci wake.” Yaro ya ce: “Baƙar akuya ta shiga gona ta ci wake.” Ko: “Yaran sun zo. Sun kawo ruwa.” Ya ce: “Yaran da suka zo sun kawo ruwa.” Ki lura sun ta koma suka ba tare da an gaya masa ba. Biyu a rana sun isa.

Sunayen kuwa a ba shi su ɗaya-ɗaya, bayan ya daɗe yana wasa da abin. Suna da aikatau sun ishi ɗan shekara 7, sifa da wakilin suna a shekara ta gaba. Gwajin ba “mene ne aikatau” ba ne, gwajin shi ne “nuna mini aikatau a wannan jimla”.

Tsohon Malamin Firamare

Na yarda da gyaran Malama, musamman batun karin harshe. Bari in ƙara inda darasin baki ke ɓaci, don yana ɓaci ba a sani ba. Yaro yana karanta fuska: da ya fara amsa ya ga gira ta motsa sai ya juya. Ki saurara har ya gama, sannan ki ce “me ya sa?” ko da ya faɗa daidai. Tambaya mai zaɓi biyu, irin ne ko ce, rabinta ana ci da sa’a, don haka sai ya ci takwas cikin goma kwana biyu a jere za a ce ya iya. Amsa da kalma ɗaya ma ba ta wadatar, a nemi cikakkiyar jimla. In suna tare, ƙaramar za a fara tambaya, in ba haka ba bakin yayanta za ta riƙa bi.

Sannan magana ba ta barin sawu. Ke za ki riƙe littafi: kwanan wata, abin da aka yi, da kuskure biyu ko uku yadda suka fito daga bakinsa. Ranar Alhamis a dawo kansu a yi tishi. Sau ɗaya a mako ki rubuta labarinsa yana faɗa, kalma da kalma, ki karanta masa. Da kansa zai ji “sai, sai, sai” ta yi yawa.

Komawa rubutu ba shekara ke sa shi ba, alamu uku ake dubawa: yana kwafar layi uku cikin minti 10 ba ƙorafi kuma kalma-kalma yake ɗauka ba baƙi-baƙi ba, yana riƙe jimla mai kalma 8 a shifta daga ji ɗaya, yana maimaita labari mai jimla biyar ko shida bisa tsari. Yawanci tsakanin shekara 8 da 9 suke haɗuwa. Daga nan ya rubuta jimla biyun farko na labarinsa, ke ki ƙarasa masa, a riƙa ƙara ɗaya duk bayan mako biyu. In akwai niyyar ya shiga makaranta ko ya zauna jarrabawar shiga sakandare, daga wannan lokaci a ba shi shafi ɗaya na tambayoyin cike gurbi da ja layi duk mako, don ya saba da siffarsu.

Ƙaramar kuwa a bar ta da yatsa a cikin faranti mai rairayi, da alli a kan allo, da zura ƙwallayen ado a zare. In za ta riƙe fensir a yanke shi ya zama kamar tsawon ɗan yatsanki, gajeren fensir na tilasta riƙo da yatsu uku.